Tsakanin Jose da Jean, wa ya fi cutar da yarinyar da ke hannunsa?

Zainab_Mai_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na kammala karatun Gunslinger Girl, manga (littafin labari mai zane na Japan) na Yu Aida, juzu'i 15 cif, bayan na daɗe da kallon zangon farko na animensa, wato fim ɗinsa na zane, kuma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai. Ga waɗanda ba su san labarin ba, a ƙasar Italiya yake faruwa, inda wata hukumar gwamnati da ke fakewa da sunan jin daɗin jama'a take ɗauko yara mata da suka kusa mutuwa a asibitoci, ta musanya musu gaɓoɓi da na ƙira, ta wanke musu ƙwaƙwalwa da magunguna, sannan ta damƙa kowace ɗaya a hannun wani namiji babba da zai horar da ita kisa. Ana kiran yarinyar da mai kula da ita fratello, wato ɗan'uwa da Italiyanci. Kusan duk wanda na ji yana zancen labarin yabon Jose yake yi saboda tausayinsa ga Henrietta, yana kuma tsine wa yayansa Jean saboda ya mayar da Rico kayan aiki. Ni kuwa gani nake Jose ya fi cutar da tasa yarinyar, domin Jean bai taɓa yaudarar Rico da cewa ita ƙanwarsa ce ba, amma Jose ya saya wa Henrietta kyamara, ya hau da ita rufin gini ya nuna mata taurari, da gari ya waye kuma ya miƙa mata bindiga. Wanda bai gama karatu ba ya yi haƙuri, domin dole a taɓa ƙarshen labarin.

Auwal_Funtuwa:
Wa alaikumus salam Malama Zainab. Ban yarda ba ko kaɗan. Mutumin da ya raɗa wa yarinya sunan namiji don kada ma ya riƙa ganinta a matsayin yarinya, yake dukanta in ta yi kuskure, ya kuma umarce ta da ta kashe duk wanda ya gan ta a bakin aiki, ba za a ce akwai wanda ya fi shi mugunta a cikin wannan hukuma ba. Ki tuna da yaron nan Emilio mai ɗaukar kaya a otal, wanda ya yi hira da Rico cikin fara'a, ya ɗauka akwatin da take riƙe da shi na kayan kiɗa ne. Da ya yi kiciɓis da ita bayan ta gama aikin da aka tura ta, harbe shi ta yi, kuma umarnin Jean ne ya kai ta ga haka.

Zainab_Mai_Zane:
Malam Auwal, ban wanke Jean ba. Tambayata ita ce wace yarinya ce ta fi shan wahala a zuciyarta. Rico tana farkawa kowace safiya cikin murna saboda hannunta da ƙafarta suna motsi, tunda kafin hukumar ta karɓe ta a kwance take a asibiti tun haihuwarta. Henrietta kuwa kullum a cikin zullumi take, tana auna kowace kalma ta Jose, tana ƙirga mutanen da ta kashe a wata tana ganin ko sun isa su faranta masa rai.

Malam_Sani_Damagaram:
Ina ganin akwai abin da ya kamata a shigo da shi kafin a ci gaba, wato abin da ya kai 'yan'uwan nan biyu wannan aiki. Mahaifinsu babban mai gabatar da ƙara ne, kuma an tayar da bam a kan motar da yake ciki, ya mutu tare da mahaifiyarsu da ƙanwarsu Enrica da Sofiya wadda Jean zai aura. Saboda haka dukansu biyu ɗaukar fansa ce ta kawo su, bambancin kawai shi ne Jean ya san haka kuma yana faɗa da bakinsa, Jose kuwa ya lulluɓe tasa fansar da rigar tausayi. Duk abin da yake yi wa Henrietta, Enrica yake yi wa, wadda yake ganin bai ba ta lokacinsa ba sa'ad da take raye. Akwai wurin da Henrietta ta sa tufafin Enrica a gidansu na tsibirin Sisili, kuma duk mai karatu da idon basira zai gane daga nan cewa yarinyar ba ta da wani matsayi nata na kanta a zuciyar wannan mutum. A wannan fuska ina tare da Malama Zainab, sai dai ban kai ga cewa ya fi Jean ba. Cewa nake yi laifinsu ɗaya ne, fuskokinsa ne biyu.

Hauwa_Kulu_Jos:
Ni zangon farko kaɗai na kalla, wanda kamfanin Madhouse ya yi a 2003, kashi 13, kuma a can ban ga Jose da wannan muni ba. Mutum ne da ya ƙi yarda a ƙara wa Henrietta maganin wankin ƙwaƙwalwa ko da manyansa suka matsa, bayan ta harbe mutanen gida guda ba da umarni ba saboda ɗaya daga cikinsu ya ci kwalar Jose. Ya san maganin yana rage musu kwana, shi ya sa ya ƙi. Shin wannan ba alheri ba ne?

Malam_Sani_Damagaram:
Malama Hauwa, alheri ne a lokacin, amma anime ya tsaya ne tun tafiya ba ta yi nisa ba. A juzu'an ƙarshe na manga, sa'ad da Giacomo Dante, mutumin da ya kitsa harin da ya hallaka iyayensu, ya sake bayyana, kuma hankalin Henrietta ya fara rikicewa, Jose da kansa ya amince aka sake wanke mata ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Yarinyar da ke rubuta littafin tunawa da kwanakinta ta koma tana amsa umarni kamar inji. Ya zaɓi makamin da zai kai shi ga Dante a kan yarinyar da ya ce yana tausayi.

Hauwa_Kulu_Jos:
Innalillahi. Ashe gara da na tsaya inda na tsaya.

Bashir_Injiniya:
Zan ɗan karkata, amma maganar tana da alaƙa. Ina ganin yawancin mutane suna rasa fahimtar labarin ne saboda sun ɗauki Italiyar da ke cikinsa a matsayin ado, alhali marubucin ya gina shi a kan tarihi na gaske. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa shekarun 1980 Italiya ta sha fama da abin da suke kira shekarun dalma, lokacin da masu tsattsauran ra'ayi na hagu da na dama suka riƙa tayar da bama-bamai da kashe jami'ai. A 1969 aka kai harin Piazza Fontana a Milan, a 1978 ƙungiyar Red Brigades ta sace tsohon firaminista Aldo Moro ta kashe shi, a 1980 kuma bam ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bologna. Kisan mahaifin su Jean ma yana tuna wa mutum da Giovanni Falcone, alƙalin da 'yan Mafiya suka tayar wa bam a kan babbar hanya kusa da Capaci a Sisili a watan Mayun 1992, ya mutu tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Su kuma 'yan tawayen labarin, masu neman arewa mai arziki ta daina ɗaukar nauyin kudu, sunan Padaniya da suke amfani da shi ba ƙirƙira ba ne, domin Umberto Bossi na jam'iyyar Lega Nord ya taɓa shelanta 'yancin Padaniya a Venis a 1996, ko da yake shelar ba ta wuce ta baki ba. Abin da nake nufi shi ne, hukumar nan ta fito ne daga gwamnatin da tsoro ya kama, kuma Jose da Jean ƙananan ma'aikata ne a cikinta. Idan muka tsaya auna wanda ya fi wani tausayi, za mu manta da waɗanda suka sa hannu a takardar kuɗin aikin.

Auwal_Funtuwa:
Injiniya, bayaninka ya ƙaru da ni, amma ban yarda a sauke wa mutum nauyinsa a ɗora wa ofis ba. Raballo ma ƙaramin ma'aikaci ne, tsohon jami'in Karabiniyeri, wato jandarmomin Italiya, da ya ji rauni a ƙafa, kuma ya shigo da niyyar ya yi ɗan lokaci ya koma bakin aikinsa na da. Da ya zauna da Claes, yarinyar da aka damƙa masa, ya kai ta kamun kifi, ya buɗe mata ɗakin littattafansa, sai ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne, ya ɗauki hanyar tona asiri, kuma mota ta buge shi a wani yanayi da labarin ya bar wa mai karatu ya fahimta da kansa. Wannan ya nuna akwai zaɓi. Jose bai zaɓa ba, Jean bai zaɓa ba.

Ummu_Hanan:
Labarin Claes ne ya fi taɓa ni a duk littafin. An goge mata Raballo daga ƙwaƙwalwa, ba ta san sunansa ba, ba ta san fuskarsa ba, amma ta riƙe alkawarin da ta ɗaukar masa cewa muddin tabarau na idonta za ta zama mai sanyin hali. Tana shuka a lambunta, tana karanta littattafansa, ba ta san daga ina son waɗannan abubuwa ya zo mata ba, hukumar kuwa ta mayar da ita abin gwajin sababbin gaɓoɓi tunda ba ta da mai kula da ita. Wannan ne ya sa ba na gaggawar cewa duk abin da yaran suke ji aikin magani ne. Maganin ya iya share suna, amma bai iya share tarbiyyar da aka yi mata da gaskiya ba.

Dakta_Nura_Kaduna:
Hajiya Ummu Hanan ta taɓo tushen muhawarar. Tambayar Malama Zainab ba za ta amsu ba sai an fara yanke hukunci a kan ko son da yaran suke yi wa masu kula da su na gaske ne. Marubucin da gangan ya ƙi warware wannan. Triela, wadda ta fi sauran wayo da shekaru, ta san sarai cewa an dasa mata biyayya ga Hilshire mai kula da ita, tana ma faɗa, kuma duk da haka ba ta iya tantance inda magani ya tsaya da inda zuciyarta ta fara. Amma ku duba lamarin Elsa. Lauro mai kula da ita bai dake ta ba, bai zage ta ba, kawai bai ɗauke ta a bakin komai ba, ita kuwa duk duniyarta shi ne. Ƙarshenta ta harbe shi ta harbe kanta ta ido, wanda shi ne wurin da ba a iya ƙarfafa musu ba. Da masu bincike biyu daga ɗaya sashen hukumar suka bi Jose har Sisili suna neman bayani, Henrietta ce ta warware musu, ta ce in da ita ce ta tabbata wanda take so ba zai taɓa sonta ba, haka za ta yi, ta kuma ɗora bindiga a idonta a gabansu. Daga wannan rana Jose ya san cewa kyautatawarsa ba kyauta ba ce kawai, ita ce igiyar da ke riƙe da ransa da nata. Mutumin da ya san haka ya ci gaba da sayen tsaraba, ban san sunan da zan kira abin da yake yi ba, amma ba tausayi zalla ba ne.

Zainab_Mai_Zane:
Dakta, ka faɗi abin da na kasa tsarawa. Na gode.

Sadiq_Tudun_Wada:
Ku gafarce ni, ni matsalata da labarin gaba ɗaya ce. An zana yara 'yan shekara goma zuwa sha huɗu da kyawawan tufafi, an ba Henrietta bindigar P90 a cikin akwatin goge, an ba Rico Dragunov, an ba Triela tsohuwar Winchester mai wuƙa a baki, an zana kowace bindiga da ƙwarewar da za ta burge masu sha'awar makamai, sannan a ce mana wai ana sukar amfani da yara ne. A mujallar Dengeki Daioh aka riƙa buga shi daga 2002 zuwa 2012, kuma masu sayenta galibi samari ne da manyan maza. Ina zargin cewa marubucin yana sayar da abin da yake cewa yana ƙyama. Idan haka ne, to mu masu karatu mu ne Jose, muna jin tausayin yarinyar muna kuma jiran fitowa ta gaba mu ga wanda za ta harbe.

Bashir_Injiniya:
Malam Sadiq, zargin yana da tushe, kuma ba kai ka fara yin sa ba. Sai dai zan ce zangon Madhouse, wanda Morio Asaka ya ba da umarni, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan. Harbin da ke cikinsa kaɗan ne kuma gajere, launukansa a dushe suke, yawancin lokacin ana zaune ne a ɗakin kwana ana shan shayi ko ana jira a mota. Ya ƙare da yaran a fili da dare suna kallon ruwan taurari suna rera waƙar Beethoven, Angelica, ɗaya daga cikin yaran, kuma tana kwance a asibiti. Zango na biyu, Il Teatrino, wanda Artland ta yi a 2008, shi ne ya sauya zanen ya ƙara masa haske da manyan idanu, kuma masu kallo da yawa sun yi ƙorafi, duk da cewa ya fi bin manga sau da ƙafa kuma marubucin ya sa hannu a rubutunsa.

Ummu_Hanan:
Ni kam na fi son zango na biyu saboda Pinocchio. Yaro ne da Cristiano, wani jigon 'yan tawayen, ya tsinta ya rene shi ya zama makashi, ba a yi masa tiyata ba, ba a ba shi magani ba, amma biyayyarsa ga uban riƙonsa ba ta da bambanci da ta Triela ga Hilshire. Ya kayar da ita a haɗuwarsu ta farko, ita kuma ta kashe shi a ta ƙarshe. Ina ganin marubucin ya kawo shi ne don ya nuna cewa ba sai da allura ake wanke ƙwaƙwalwar yaro ba, abinci da matsuguni da kalma mai daɗi sun isa.

Falmata_Yerwa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na yi aikin sa kai na wani lokaci da yaran da aka kuɓutar daga hannun masu tayar da ƙayar baya a yankinmu, kuma abin da Hajiya Ummu Hanan ta faɗa yanzu shi ne abin da na gani da idona. Yarinyar da aka doka tana saurin gane cewa an zalunce ta. Wadda aka kyautata wa, aka ba ta sutura aka kira ta da suna mai daɗi, ita ce take daɗewa tana kare wanda ya riƙe ta, wani lokaci har tana kukan rabuwa da shi. Saboda haka da na kalli Henrietta ban ga tatsuniya ba, kuma ban iya wuce kashi na biyar ba. Ba zan ce Jose ya fi Jean mugunta ba, amma raunin da irinsa yake bari ya fi wuyar warkewa.

Malam_Sani_Damagaram:
Allah ya saka miki da alheri Malama Falmata, ya kuma ba yaran nan lafiya. Wani abin lura shi ne, yarjejeniyar da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya a birnin Roma aka amince da ita a 1998, kuma ita ce ta sanya shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi a jerin laifukan yaƙi. Hukuncin farko da kotun ta yanke, a kan Thomas Lubanga na Kwango a 2012, a kan wannan laifi ne. Hukumar da ke cikin labarin kuwa a gefen Roma take. Ko marubucin ya nufi haka ko bai nufa ba, abin ya zauna daidai.

Auwal_Funtuwa:
Bayan maganar Malama Falmata na ɗan sassauta, amma ina da sauran ja. Idan muka bi wannan hanya za mu ƙare da cewa gara mai kula da yarinya ya zama mara imani, kuma Elsa ta nuna mana inda hakan ke kaiwa. Marco mai kula da Angelica ma misali ne. Da farko yana zama yana ƙirƙira wa Angelica tatsuniyar yariman ƙasar taliya, yarinyar da mahaifinta ya take ta da mota don ya karɓi kuɗin inshora. Da maganin ya fara cinye mata tunani ta riƙa mantuwa, sai ya janye jikinsa ya koma mai kaushi, domin ba zai iya jure gani ba. Wa ya amfana da janyewar tasa? Ba Angelica ba dai. A ƙarshen rayuwarta ta manta da shi kansa Marco, amma tatsuniyar tana bakinta, har ta karanta masa ita kamar baƙo. In da bai taɓa kyautata mata ba, da me za ta mutu da shi?

Dakta_Nura_Kaduna:
Malam Auwal, ba wanda ya ce a daina kyautatawa. Hilshire ya kyautata wa Triela fiye da kowa, amma bambancinsa da Jose shi ne ya san ko wace ce ita. Shi ne ya tsamo ta daga hannun masu azabtar da yara a Amsterdam lokacin yana jami'in 'yan sandan Turai, abokiyar aikinsa Rachelle ta rasa ranta wajen ceto ta, kuma ya kai ta Italiya ne don a yi mata magani, bai san abin da za a mayar da ita ba. Da ya gane, sai ya zauna a hukumar don kada ta faɗa hannun wani. 'Yan tsanar da yake saya mata ma shaida ce ta mutumin da bai iya magana da yarinya ba amma yana ƙoƙari. Triela yake gani in ya dube ta. Jose kuwa Enrica yake gani.

Sadiq_Tudun_Wada:
Amma Dakta, shi ma Hilshire ɗin ya ci gaba da tura ta aiki har suka mutu tare a tashar nukiliya ta Turin. Sanin ko wace ce ita bai cece ta ba.

Dakta_Nura_Kaduna:
Bai cece ta ba, gaskiya ne.

Hauwa_Kulu_Jos:
Tunda an riga an tona mini komai, ina roƙon a gaya mini yadda Rico da Jean suka ƙare, domin a kansu aka fara gardamar.

Zainab_Mai_Zane:
Malama Hauwa, a nan ne hujjata take da ƙarfi kuma a nan take da rauni. A faɗan ƙarshe Dante ya yi garkuwa da Jean, shi kuma Jean ya umarci Rico da ta harba ta jikinsa, ta kuwa harba. Bai mutu ba, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka fita da rai. Henrietta kuwa, a cikin ruɗewar da ta tuno mata daren da aka kashe iyayenta, ta harbi Jose, daga nan suka ƙarasa juna kamar yadda ta kwatanta tun a Sisili. Wanda ya ce yarinyarsa makami ce ya tsira tare da ita, har ya fara sassauta mata daga baya, wanda ya ce tasa ƙanwa ce kuma ya tafi da ita kabari. Raunin hujjar shi ne abin da Malam Auwal ya fara da shi, wato Emilio, domin Rico ta rayu ne a matsayin yarinyar da za ta harbe wanda ya yi mata murmushi ta kuma kwana lafiya, kuma Jean ne ya gina ta haka.

Auwal_Funtuwa:
To ai kin dawo inda nake tun farko, Malama.

Zainab_Mai_Zane:
Ban dawo ba Malam Auwal, na dai yarda cewa akwai asarar da Rico ta yi wadda ita kanta ba ta san ta yi ba. Har yanzu ina kan cewa Henrietta ta fi shan azaba, kuma Jose ne sanadi. Ba mu ma taɓo Petrushka ba, 'yar rawar balen nan da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji, wadda aka yi wa wanki mai sauƙi irin na rukuni na biyu na yaran, kuma alaƙarta da Sandro mai kula da ita ta fi kowace tayar mini da hankali. Hajiya Ummu Hanan, na san kin karanta wannan ɓangaren, ina so in ji yadda kika gan shi kafin in faɗi nawa.

Ummu_Hanan:
Sai na sake duba juzu'i na shida zuwa na takwas tukuna, domin na daɗe rabona da su kuma ba na so in yi wa Sandro hukunci da abin da na tuna rabi da rabi. In sha Allahu zan dawo da amsa bayan sallar isha'i.